Ɓera bai mutu ba, amma gwaji bai ƙare ba

Ɗalibanmu masu karatun harhaɗa magunguna a Wad Madani da sauran garuruwan Sudan suna yawan ɗaukar tsirran da iyayenmu ke sha, irin su bagaruwa da aduwa da sanamaki, su gwada ko suna cutarwa. Aiki ne mai kyau. Sai dai wuri ɗaya aka fi yin tuntuɓe: a ɗura wa ɓera magani sau ɗaya, a ga ya kwana lafiya, a rubuta cewa babu illa.

Ƙa'ida mai lamba 423 ta OECD, ƙungiyar ƙasashe da ke fitar da ƙa'idojin gwajin sinadarai, ta ce a lura da dabbar kwana 14, ana auna nauyinta, ana duba gashinta da numfashinta, ko tana zawo, ko ta cika barci. Ko da ta jure miligiram 2000 a kowane kilo na nauyinta, abin da ka gano shi ne sha ɗaya bai kashe ta ba. Tsohuwar da ke Maiwurno tana shan jiƙon bagaruwa safe da yamma wata da watanni, amsarta tana cikin gwajin da ake ba dabba maganin kullum har kwana 28, mai lamba 407. A nan ake ɗibar jini a auna sinadaran ALT da AST don gane lafiyar hanta, da sinadarin kiriyatinin don gane ta ƙoda, sannan a yanko gaɓoɓin a duba su a madubin likita. Wannan ne ya fi damuna, domin hanta kan fara lalacewa alhali ɓera yana cin abincinsa.

Mutane da ruwa suke tafasawa, kai kuma ka tatso da metanol, wani nau'in sifirit. Sinadaran da kowanne ke fitarwa sun bambanta, don haka gwada abin da ake sha. Ware rukunin ɓerayen da ba za a ba shi komai ba sai ruwan da ka narkar da maganin a ciki. Saiwar kasuwa kuma, kai ta wurin masanin tsirrai ya tabbatar da sunanta, a ajiye samfuri mai lamba.

Zafinmu ma yana ɓata sakamako. Ɗakin ɓeraye na son digiri 19 zuwa 25, to in wuta ta ɗauke a watan Mayu ya za ka raba galabaitar zafi da ta guba? Rubuta zafin ɗakin kullum. Ba su aƙalla kwana 5 su saba da wurin, ka hana su abinci daren gwaji amma ka bar musu ruwa.

Ɓeraye uku sun isa kowane mataki na gwajin 423, galibi mata. Wadda ta shiga matsananciyar azaba a kashe ta cikin tausayi, a lissafa ta cikin waɗanda maganin ya kashe.