Darasi na 9: Shata wa yara filin 'yar gala-gala da alli

Alli ɗaya da daɓen siminti mai kyau sun isa su sa yara biyar tsalle-tsalle tun daga la'asar har magariba. Aikin babba shi ne ya zaɓi wuri, ya shata gidajen daidai da ƙafar yaran, sannan ya ja gefe.

Zaɓen wuri

A nemi daɓe mai ɗan kaushi, wanda bai tsattsage ba: tsakar gida, barandar makaranta ko harabar da aka shimfiɗa wa siminti. Tayil mai sheƙi bai dace ba, domin alli ba ya kama shi, kuma santsinsa yana kayar da yaro. Intalok, wato ƙananan bulo da ake jerawa a matsayin daɓe, yana yiwuwa, amma a fara taka shi a ji ko akwai wanda ke motsi ko ya ɗago kai, don a nan ake yin tuntuɓe. Kwaltar titi kuwa a bar ta, ko da a lungu ne da ake ganin mota ba ta cika bi ba. Yaron da ke kan ƙafa ɗaya ƙasa yake kallo, ba zai ga babur ba.

A share wurin tas kafin a ja layi. Yashi da tsakuwa a kan siminti suna sa ƙafa ta zame, ƙurar hunturu kuma tana hana alli zama. A watannin bazara, daga Maris zuwa Mayu, siminti yakan yi zafin da zai iya ƙona tafin ƙafa. Babba ya ɗora bayan hannunsa a daɓen ya ƙirga biyar. Idan ya kasa jurewa, a jira yamma.

Shata gidaje

Zanen ya bambanta daga unguwa zuwa unguwa, amma ga mai sauƙi, mai gida 8. Gida na 1, na 2 da na 3 a jere, ɗaya gaban ɗaya. Na 4 da na 5 kafaɗa da kafaɗa. Na 6 shi kaɗai a tsakiya. Na 7 da na 8 su ma kafaɗa da kafaɗa.

Kowane gida ya zama santimita 40 tsawo, 40 faɗi. In babu awo, tafin ƙafar babba ɗaya da rabi ya yi kusa da haka. Da yake gidajen sahu 6 ne daga farko zuwa ƙarshe, tsawon zanen gaba ɗaya zai kai santimita 240, sai a bar filin mita ɗaya gaba da baya. Girman gida shi ne inda aka fi yin kuskure. Manya sukan zana shi daidai da takunsu, sai ƙaramin yaro ya riƙa wage ƙafa yana dira a karkace, idon sawu ya gurɗe. In kuma gidan ya matse, kowane tsalle sai an taka layi, daga nan gardama ta tashi. Ga 'yan shekara 4 zuwa 5, a rage zuwa santimita 30 zuwa 35, a kuma ƙyale su su dira da ƙafa biyu.

A rubuta lambobin da girma a cikin gidajen. Mai koyon karatu zai iya musanya su da baƙaƙe, musamman ɓ, ɗ da ƙ, yaro ya faɗi kalmar da ta fara da baƙin da ya dira a kai.

Yadda ake yi

Kowane yaro ya samo abin jifansa. Tsingaro mai faɗi ko falalen dutse ƙarami ya fi, domin idan ya faɗi yana tsayawa. Dutse mai zagaye gangarawa yake yi, murfin kwalba kuma ba shi da nauyi, yana tsalle ya fice. Kwalba fasasshiya ba ta shiga wasa ko kaɗan.

Mai wasa ya jefa tsingaronsa gida na 1. Ya tsallake gidan, ya bi sauran da ƙafa ɗaya, inda gida biyu suke tare ya sauke ƙafa ɗaya a kowane. A ƙarshe ya juyo ya dawo da tsalle, idan ya iso gaban gidan da tsingaron yake ya sunkuya ya ɗauke shi yana kan ƙafa ɗaya, ya fita. Sai jifa zuwa gida na 2. Wanda ya taka layi, ko ya sauke ƙafa, ko tsingaronsa ya faɗi a kan layi, ya ba na baya wuri. A faɗi waɗannan dokoki kafin a fara. Silifas yana suɓucewa a tsalle, gara takalmi mai igiya ko ƙafa ba takalmi a daɓe mai sanyi da aka share.

Idan alli yana saurin ƙarewa

Allin aji siriri ne, siminti mai kaushi yana cinye shi nan da nan. Tsoma kansa a ruwa na ɗan lokaci yana sa layi ya fito rangaɗau bayan ya bushe. Gawayi yana yi, sai dai yana ɓata tufafi.

Ana iya haɗa alli mai kauri da garin POP, wanda masu aikin silin ke amfani da shi. A zuba ruwa kofi 1 a roba, a barbaɗa gari kofi 2 a hankali ana juyawa har ya yi kauri. Garin ake zubawa cikin ruwa, in aka juya tsarin sai ya yi gudaji. A ɗura cikin bututun kwali da aka toshe ƙasansa da leda. Yakan daskare cikin kamar minti 30, amma a bar shi kwana 2 zuwa 3 ya bushe, in ba haka ba zai riƙa marmashewa. Wannan aikin manya ne: haɗin yana ɗaukar zafi lokacin da yake daskarewa, kada kowa ya tsoma hannu ya bar shi a ciki. Ragowar kuma kada a zuba a makwarara, yana toshe ta.

Aikin gida

1. Auna tsakar gidanku da taku, ka rubuta ko gida 8 za su shiga.
2. Idan kowane gida santimita 35 ne, nawa ne tsawon sahu 6 na zanen?
3. Rubuta kalmomi uku da suka fara da ƙ, waɗanda yaro ɗan shekara 6 ya sani.