Yadda Ake Tace Gaskiya Daga Finafinan Asibiti

A gidaje da dama na birnin Katsina, daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Marusa, akan zauna bayan sallar isha'i a kalli shirye-shiryen da ke nuna aikin likitoci, kuma babu laifi a cikin haka matuƙar mai kallo ya san inda labari ya rabu da ilimi.

Da farko, ka sa ido a wurin da ake farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya. A fim, ana taɓa ƙirji sau uku sai majinyaci ya buɗe ido, alhali a zahiri ana danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, kuma duk da haka yawancin waɗanda abin ya same su a wajen asibiti ba sa tashi. Na'urar da ke girgiza zuciya da lantarki ma, wadda masu shirya fim ke so ƙwarai, aikinta gyara bugun da ya rikice ne, ba a amfani da ita idan layin da ke nuna bugun zuciya a allo ya miƙe.

Sannan kada ka kwaikwayi cusa cokali a bakin mai farfaɗiya. Ka kawar da abin da zai ji masa rauni, ka kwantar da shi ta gefe idan jijjigar ta lafa, idan kuma ta wuce minti 5 a garzaya asibiti. Sunan maganin da ka ji a fim kuwa, ka tambayi likita kafin ka nufi kemis.