Hunturu da iskar taya: kurakuran da masu mota suka fi yi

Idan hunturu ya kankama a Kano ko Zariya, da asuba ma'aunin zafi kan sauko kusa da digiri 12, da rana kuma ya haura sosai. Iskar cikin taya tana bin wannan sauyi. Sanyi na sa ta takure, kuma duk digiri 5 zuwa 6 da zafi ya ragu, taya kan rasa kusan PSI 1 (PSI shi ne ma'aunin ƙarfin iskar cikin taya).

Shi ya sa wani da ya ga tayoyi sun ɗan kwanta da safe sai ya garzaya wajen mai faci, wai ƙusa ce. Fara dubawa tukuna. In duka huɗun sun ragu kusan daidai, aikin sanyi ne, ƙarin iska kawai suke so. In ɗaya ce tak ke sacewa, to nan a nemi ƙusa ko a duba bawul.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne auna taya bayan an yi tafiya. Taya mai zafi takan nuna ƙarin PSI 4 ko sama da haka. Mai faci ya ɗora geji, ya ce "Alhaji, ta yi yawa," ya sace. Washegari da sanyin safiya tayar ta koma ƙasa da ƙa'ida, mota tana shan mai, gefunan taya suna cinyewa, a doguwar hanya kuma ta ɗauki zafi har ta iya fashewa. Ka sayi geji naka, ba shi da tsada. Ka auna da safe, ko bayan mota ta huta awa 3. In ka ga saura PSI 3 ta cika, ko da ka isa wajen mai faci tana da zafi, 3 ɗin za a ƙara a kan abin da gejinsa ya nuna. Dukan taya da ƙafa ba awo ba ne.

Akwai kuma masu bin lambar da ke jikin taya, 44 ko 51. Wannan iyakar iskar da tayar za ta iya ɗauka ce. Adadin PSI da motarka ke buƙata yana kan takardar da aka manna a jikin ƙofar direba, kuma a yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 ne da 35.

Motocin da ake shigowa da su daga Amurka, ƙirar 2008 zuwa sama, suna da fitilar gargaɗin iskar taya. Da hunturu takan kama da safe ta mutu da rana, sai a ce na'urar ce ta lalace, wasu ma su liƙe ta da salatif. Ba ta kamawa sai iska ta ragu da kusan kashi 25 cikin 100, wato taya mai 32 ta sauko wajen 24.

Sifiyar da ke cikin but ma sanyin bai bar ta ba. In irin 'yar siririyar nan ce, yawanci PSI 60 take buƙata.