Ku ajiye ma tsuntsaye ruwa a wannan bazara

Salamu alaikum yan uwa na Damagaram, wata yar shawara ce. Zafin Afrilu da Mayu kun san shi, rana takan wuce digiri 40, tabkuna sun ƙafe, tsuntsu sai ka gan shi baki buɗe yana haki a kan katanga. Don Allah duk mai tsohon kasko a gida ya ɗauko ya zuba ruwa ya ajiye a inuwar dogon yaro ko gindin zaure.

Na ƙasa ya fi na roba nesa ba kusa ba, don ruwan yana zama da sanyi, kwanon ƙarfe kuwa kar ma ku fara, zafi yake ɗauka. Kada ruwan ya yi zurfi, kamar gaɓar yatsa biyu ya isa, ku sa dutse ɗaya a tsakiya inda ƙananan za su tsaya, har zuma ma takan sauka ta sha ba ta nutse ba. Ku ɗora shi bisa bulo ko turmi saboda kyanwa. Abin da na fi so ku kula shi ne canza ruwan, kowane kwana biyu a zubar a wanke, in ya daɗe sauro zai yi ƙwai ciki, ruwan da aka zubar kuma a ba shuka.

Na san wahalar ruwa a garin nan, wani jarka saye yake, amma moɗa guda ce fa.

Da sassafe kurciya ke fara zuwa, sai baiwar Allah yan jajaye. Ku ba yara kaye da fensir su zauna daga nesa su riƙa zana su, kada su yi hayaniya.