Ɗanyen Mangwaro a Miyar Kifi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda bazara ta kama, mangwaro ya cika kasuwa, ga wata dabara ga masu son miya mai ɗan tsami.

Ki nemi ɗanyen mangwaro guda 2, mai tauri, wanda cikinsa fari ne fat. Ki wanke ƙaron da ke wajen hancinsa sosai, don yana sa ƙaiƙayi a baki, sannan ki fere ki yayyanka ƙanana. Idan albasa da attarugu da tumatir sun soyu a manja, sai ki zuba mangwaron da ruwa kaɗan, ki rage wuta. Minti 10 zuwa 15 zai yi laushi, ki murƙushe shi da bayan ludayi, miyar ta yi kauri. Daga nan busasshen kifi da daddawa su shiga.

Kada ki kuskura ki sa kanwa, tana kashe tsamin.

Wanda ya fara nuna kuwa, a bar wa yara su sha. Na taɓa gwada shi, maigida ya ɗanɗana ya tambaye ni wa ya zuba sukari a tukunya. Ni dai da tuwon shinkafa ta fi min daɗi.