Ka canja man sitiyari da kanka, mota ta fara kuka: kurakuran da aka fi yi

Yanzu da kuɗin gyara ya yi tsada, mutane da yawa a nan Gombe sun koma canja man sitiyari da kansu a ƙofar gida, kuma ni ban ga laifin hakan ba, aiki ne da kowa zai iya in ya natsu. Inda matsalar take shi ne bayan an gama sai ka ji mota na wani kuka duk sanda ka murɗa sitiyari, ko ya yi tauri in za ka yi fakin, hankali ya tashi, a ruga gareji, wani ya saurara na minti ɗaya ya ce famfo, wato abin da ke tura man sitiyari, ya mutu sai an sayo na Beljiyam. Alhali sau da yawa famfon nan lafiyarsa ƙalau, iska ce ta shiga layin da man ke bi, ko kuma man da aka zuba ba nata ba ne. Don Allah kafin ka kashe kuɗi ka duba waɗannan tukuna.

Iska ita ce babba. In ka zuƙe tsohon mai da sirinji har ƙasan kofin man sitiyari ya bushe, ko ka cire tiyo, to iska ta shiga, kuma famfo ba ya iya tura iska yadda yake tura mai. Gane ta ba wuya, ka buɗe murfin kofin, mota na aiki, ka haska da fitilar waya, in ka ga man ya yi kumfa ya yi fari-fari kamar shayin da mai shayi ya sheƙa, to ita ce. Kuskuren da ake yi a nan shi ne mutum ya bar inji a kunne ya dinga wurga sitiyari dama da hagu da ƙarfi wai yana fitar da iska, alhali gauraya ta yake ƙara yi cikin man, kumfar ta ƙara laushi ta ƙi fita.

Yadda ake bilidin, wato fitar da iskar, shi ne, ka kashe mota ka bar ta kamar rabin awa kumfar ta kwanta. Ka ja hambirki, ka sa dutse a bayan tayar baya, ka ɗaga gaba da jak har tayoyin biyu su bar ƙasa, kuma ka tokare ta da abu mai ƙarfi, kar ka dogara da jak kaɗai. Ka murɗa makulli yadda sitiyari ba zai kulle ba amma kar ka tayar da inji. Sai ka juya a hankali har ƙarshen dama, ka dawo har ƙarshen hagu, kamar sau 20, wani yana tsaye yana kallon kofin yana ƙara mai duk sanda ya sauka, za ku ga ƙananan kumfa suna tasowa ɗaya-ɗaya. In sun daina sai ka tayar, ka sake juyawa a hankali. Kuma in ka kai ƙarshe kar ka danne sitiyarin a wurin ya wuce daƙiƙa biyar, a nan ne famfo ya fi shan wahala. Wata motar sai an maimaita washegari kafin ta yi shiru gaba ɗaya, wannan ba komai ba ne.

To in ka yi duk wannan kumfa ta sake dawowa fa? Akwai inda take zuƙar iska. Tiyon da ya taso daga kofi zuwa famfo tsotsa yake yi, don haka kilip ɗinsa zai iya yin sako-sako iska ta dinga shiga ba tare da ka ga ɗigon mai ko ɗaya a ƙasa ba, shi ya sa mutane ba sa zarginsa. Tsohon tiyo da zafin Maris da Afirilu ya gasa ya yi tauri, da zarar an cire shi ba ya komawa ya kama kamar da. Masu Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 ku kula sosai, akwai wata 'yar zoben roba a bakin famfo inda tiyon yake shiga, ita ce take bushewa, mota ta dinga kuka da sassafe musamman lokacin hunturu, in ta ɗumama ta yi shiru. 'Yar robar nan kuɗinta bai kai na cin rana ba, amma an canja famfo da yawa saboda ita, abin nan yana min ciwo wallahi.

Sai maganar mai. Ka je shago ka ce man sitiyari, a miƙo maka jan man giya a ce duk ɗaya ne Alhaji. Ba ɗaya ba ne. Tsofaffin Toyota irin su Camry da Corolla da Hilux, eh, man giya ATF Dexron suke sha, a jikin murfin ma an rubuta. Honda kuwa nata daban ne, wanda aka rubuta na Honda ne a jikin roba, in ka zuba mata ATF za ta yi tafiya yau da gobe, amma a hankali sil-sil (robobin da ke tare mai) na famfo da na rak, wato dogon ƙarfen da ke juya tayoyin gaba, su fara yoyo. Golf 3 da 'yan haya ke bin hanyar Dukku da Bajoga da ita, kore take so, irin CHF 11S. Kar ka bi launi kaɗai, ka karanta murfin kofin ko littafin motar, sannan ka karanta jikin robar. Man da aka ɗura a gorar ruwa ana sayarwa a bakin titi kuwa, ba ka san mene ne a ciki ba, ka bar shi. Haka masu zuba baƙin mai na inji don wai ya fi kauri yoyo zai ragu, da sanyin asuba a Disamba za ka ji yadda sitiyarin zai yi nauyi.

In ka riga ka zuba wanda ba shi ba, zuƙewa daga kofi ba ta isa ba, mafi yawan man yana cikin rak da tiyo. Sai ka ɗaga gaba, ka cire tiyon da yake dawo da mai cikin kofi ka sa bakinsa a gora, ka toshe ƙofar da ka cire shi, ka dinga juya sitiyari inji a kashe ana ƙara sabo har ka ga mai tsabta yana fita. Duka layin bai fi kamar lita ɗaya yake ci ba, ka tanadi biyu. Na ce inji a kashe ne saboda masu tayar da mota tiyo a cire su ne suke kashe famfo da gaske, cikin 'yan daƙiƙu yake kwashe kofin tas ya fara juyi a bushe kafin mai zubawa ya ankara. In bayan haka ka ɗiga man a farar takarda ka ga ƙananan ƙarfe suna ƙyalli a rana, to wannan kam famfon ya ci kansa, kuma dole a wanke layin kafin a ɗaura wani.

Cikawa fal ma kuskure ne, mai yana kumbura in ya yi zafi, ya yi amai ta murfi ya jiƙa fambel. A jikin kofin akwai layin COLD da na HOT, ka bi wanda ya dace da lokacin da kake aunawa. In kukan ƙara ce mai tsini "kiiii" ba ƙugi ba, bel ne ya sha mai yake zamewa ko ya saki, ka wanke fuli, in bel ɗin ya jiƙe sosai ka canja shi. A ƙasan kofin kuma akwai 'yar raga mai tace datti, in ta toshe famfo ba ya samun mai ko da kofin a cike yake, ka wanke ta ko ka sayi sabon kofi. Kuma kar ka bar murfi a buɗe ka tafi sallah ƙurar hunturu tana sauka a ciki.

Wani zai ce daga canja mai sai yoyo ya fara. Ka leƙa ƙasa ka matsa robar nan mai lanƙwasa da ke gefe biyu na rak, in ka ji mai a cikinta to sil ɗin rak ne ya gaji, sai bakanike. In babban tiyo mai ƙarfe a baki ne yake tsatsafa, kar ka yarda a ɗaure maka shi da robar tub, ƙarfin da ke cikinsa yana haura psi 1,000, ma'aunin da ake auna iskar taya da shi, taya kuwa 32 kake ba ta, kuma in ya fesa mai a kan salansa mai zafi wuta na iya kamawa. Ba tiyon da za ka hau hanyar Kaltungo da shi ba ne.

Masu Corolla daga 2009 zuwa sama da Camry daga 2012, sitiyarinku na lantarki ne, babu kofin mai kwata-kwata. Mutum ya buɗe bonet yana nema, ya ga wani ƙaramin farin kofi can baya ta gefen direba ya ɗauka shi ne ya zuba ATF, to wannan na birki ne. Man giya yana kumbura robobin birki har ya ƙi kamawa ko ya kama ya ƙi saki. In hakan ta faru kar ka taka birkin ko sau ɗaya, kar ka motsa motar, ka kira bakanike ya zo gida ya same ta. Haka in man birki ne ya shiga kofin sitiyari, kar a tayar da inji sai an zuƙe shi an wanke kofin.