Yadda Za Ka Ba Yara Labarin Zamaninka Ba Tare Da Ka Raina Nasu Ba

Duk wanda ya fara manyanta yakan yi kewar ƙuruciyarsa, kuma babu laifi idan ya so 'ya'yansa ko jikokinsa su san yadda duniya take lokacin da ya tashi. Inda gizo ke saƙar shi ne, hirar kan fara da "a zamaninmu" ta ƙare da "yaran yanzu", sai yaro ya sunkuyar da kai yana jiran a sallame shi.

Kafin ka buɗe baki, fara tuhumar abin da kake tunawa. Masana halayyar ɗan Adam sun lura cewa zafin ɓacin rai yakan dushe da sauri fiye da daɗin farin ciki, shi ya sa fargabar jarrabawa da zazzaɓin da ya kwantar da kai suka shuɗe, amma wasan yamma da abokai yana nan daram a zuciyarka. Ka kuma tuna cewa rayuwar ta yi maka sauƙi ne domin wani ne yake kwana da tunanin ɗawainiyar gida, kai kuwa kana barci. A 2019, wasu masana biyu, John Protzko da Jonathan Schooler, sun wallafa bincike a mujallar Science Advances da ya nuna cewa mutum ya fi hango gazawar matasa a fannin da shi kansa ya yi fice, alal misali mai son karatu shi ne ke cewa yara sun daina karatu, saboda yana auna su da yadda yake a yau, yana zaton haka yake tun yana ƙarami.

Wannan kuka ba a kanka aka fara shi ba. Sama da shekara 2,000 da suka wuce, mawaƙin Rum mai suna Horace ya koka cewa iyayensu ba su kai kakanninsu ba, su ma ba su kai iyayensu ba. Da kowane ƙarni ya faɗi gaskiya, da tuni babu sauran mutumin kirki a doron ƙasa.

Idan ka zo ba da labarin, zaɓi abu guda ka faɗe shi dalla-dalla: yadda ake jiran wasiƙa mako da makonni, ko yadda ake haddace lambar waya don babu inda za a adana ta. Kada ka ɓoye ɓangaren wahala. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa a 1990, cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a duniya, kimanin 93 ne ke rasuwa kafin cika shekara biyar, amma zuwa 2022 adadin ya sauko zuwa 37.

Daga nan sai ka ba yaron dama ya yi magana. Ka ce, "Ɗana, nuna mini wasan nan da kuke yi a waya," kuma ka saurara har ya gama, ko da bai burge ka ba. Idan akwai ɗabi'ar da ke damun ka da gaske, kamar raba dare a kan waya, ambace ta ita kaɗai a wani zama na daban, ka faɗi illarta ga barcinsa da karatunsa, ku tsayar da lokacin da za a ajiye wayar.